Sai Wajen Rawa Ake Tunawa Da Bishiya?

Mai karatu, ina so ka yi mani wani ɗan lissafi. Ɗauko finafinan Hausa goma na ƙarshe da ka kalla, ko na zamanin kaset ko masu dogon zango na YouTube, ka ƙirga sau nawa ka ga bishiya. Za ka gan ta da yawa. To, sake ƙirgawa: sau nawa ka gan ta ba a wajen waƙa ba? Nan fa ake yin ta! A fim ɗin Hausa aikin bishiya ɗaya ne tak: jaruma ta ɓuya a bayanta, jarumi ya leƙo, a zagaya ta sau uku, a canza kaya. Da an gama waƙa sai a koma falo mai sanyin iyakwandishan, ita kuwa an sallame ta sai wata waƙar.

Abin da ke ba ni haushi shi ne inda ake ƙulla waɗannan finafinan. Titin Zoo, matattarar furodusoshi da daraktoci da masu tace hoto, ai maƙwabcin Gyaɗi-Gyaɗi ne. Daga nan zuwa Unguwar Gano ko cikin Tarauni ba tafiyar da za ta gajiyar da mai a-daidaita-sahu ba ce. Duk wanda ya san lungunan nan ya san yadda suke komawa a watan Agusta: kwata ta toshe da leda da robobin lemo, ruwa ya rasa hanya ya bi ta zaure, magidanci ya naɗe wando da tsakar dare yana kwarfa da bokiti, uwargida na ɗora katifa a kan durowa. Ya kuma san yadda suke a Afrilu, lokacin da kwanon ɗaki ke gasa mutum kamar tsire, ga ba wuta. Ta cikin wannan ruwan da wannan zafin ɗan fim ke ratsowa kullum ya zo ofis. Amma in zai ɗauki hoto sai ya loda kyamara a bas ya tafi Tiga ko Jos neman kore. Wato dai garin da ya haife shi bai kai a nuna shi ba.

Kada ka ce mani ai ruwa da zafi daɗaɗɗu ne. Gaskiya ne, iyayenmu sun ga farin 1973 da na 1984, sun ga ɓallewar madatsar Bagauda a 1988. Sai dai abin ya sauya salo. Duk lokacin da zafin iska ya ƙaru da digiri 1, tana iya riƙe ƙarin danshi kamar kashi 7 cikin 100, shi ya sa in ta tashi saki sai ta sake shi gaba ɗaya. Wani bincike da aka buga a 2017 ya nuna cewa manyan hadura masu ruwa kamar da bakin ƙwarya sun ninka sau uku a yankin Sahel tun daga 1982. Ambaliyar 2022 ta kashe mutum sama da 600 a Nijeriya, ta raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu, kuma a daminar ce ruwa ya shiga Kantin Kwari ya lalata dukiya mai ɗimbin yawa. A Afrilun 2024, ana tsakiyar azumi, zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali. A Satumbar shekarar madatsar Alau ta ɓalle, Maiduguri ta kwana cikin ruwa.

Wancan ɓangaren sama ke nan, wanda hayaƙin masana'antun Amurka da Turai da Sin ya fi namu laifi a cikinsa nesa ba kusa ba. Amma akwai ɓangaren ƙasa, wanda da hannunmu muka yi. Kududdufan Kano, da aka haƙa don ƙasar gini, su ne ke shanye ruwan sama tun kaka da kakanni. Mun cike su da shara, mun yanka fuloti, mun ɗora bene. Ruwa kuwa ba ya manta gidansa. Bishiyar ƙofar gida an sare an yi shago. Tun da aka janye tallafin mai a 2023 rayuwa ta yi tsada, gidaje da dama suka koma gawayi, kuma kowane buhu da ka gani a bakin titi wata bishiya ce a wani dajin. Garin da ke da Tsamiyar Boka da Kurna da Durumin Iya, garin da ya raɗa wa unguwanninsa sunan itatuwa, yau yaro zai iya tashi a cikinsa bai san ganyen durumi ba.

Na san amsar da furodusa zai ba ni, domin ita ce amsarsu a kan komai: "Malam, ba ya sayuwa, 'yan kallo soyayya suke so." Haba! Ku da kuka koyi sana'a a wurin Indiyawa? Mother India na 1957, wanda iyayenmu suka haddace a sinima, ambaliya ce ta cinye amfanin gonar Radha ta jefa ta a hannun mai ba da bashi da ruwa. Lagaan na 2001 labarin ƙauye ne da fari ya addaba ga kuma haraji, har ya kai ga shiga takarar Oscar. A 2017 Akshay Kumar ya yi fim sukutum a kan amaryar da ta bar gidan miji saboda babu masai, kuma ya kawo kuɗi. Duk akwai soyayya, duk akwai waƙa. Mun ɗauko rawar mun baro labarin.

Kuma don Allah kada a fahimce ni a baibai. Ba ina kiran a yi irin fim ɗin nan na kwangila ba ne, wanda wata ƙungiya za ta ba da kuɗi, a sa wa jarumi farar riga, ya kalli kyamara ya ce mu dasa bishiya. Wannan talla ce, kuma ɗan kallo ya fi mu saurin gane ta. Labari nake nufi. Attajiri ya sayi kududdufin unguwa ya cike, damina ta zo gidan wani dattijo ya rushe, sai ga shi ɗan attajirin ne ke neman 'yar dattijon. Ko matashin da ke sana'ar gawayi don tara kuɗin lefe, a dajin da mahaifin yarinyar ke gadi. Ko kishiyoyi biyu da ambaliya ta haɗa a aji ɗaya na makarantar firamare. Wanne ne a ciki bai fi rigimar gado ta ɗari da ɗaya ba? Masu dogon zango da ke jan labari har kashi 100, ashe babu gurbin damina ɗaya a ciki?

In jarumi na gaske ake nema, a tsallaka Maraɗi. Tun daga wajen 1983 manoma a can suka riƙa barin tohon kututture a gona suna yi masa aski maimakon su tumɓuke, kuma an ƙiyasta cewa ta haka bishiyoyi kusan miliyan 200 suka dawo a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Hausawa ne 'yan'uwanmu, masu kallon finafinanmu. Yacouba Sawadogo na Barkina Faso, wanda ya mai da faƙo daji, sai da Bature ya zo ya yi fim a kansa a 2010.

Marubutan littattafai, ku ma ba ku tsira ba. Shafi uku wajen bayanin leshi da turaren jaruma, amma in an ce "an yi ruwa" to don masoya su fake a mota ne.

Sannan ga abin da ke ƙofar gidan 'yan fim ɗin kansu. Gidan Zoo, wanda aka kafa a zamanin Gwamna Audu Baƙo, yana cikin 'yan wuraren da suka rage masu tarin bishiyoyi a tsakiyar Kano, kuma sunansa titin nasu ya ci. A 2020 gwamnatin Ganduje ta bayyana shirin mayar da shi Tiga. Batu irin wannan, in ya taɓa tasowa sau ɗaya, yana iya sake tasowa, domin idon masu fuloti ba ya barci. Masana'antar da jarumanta ke da mabiya miliyoyi a Instagram da TikTok, wadda kan tashi tsaye in Hukumar Tace Finafinai ta dakatar da mutum ɗaya, ita ya kamata ta fi kowa ɗaga murya a kan wannan fili. Ko ba don iskar da mutanen Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni ke shaƙa ba, ai sa yi don kansu: ran da aka yanka shi fuloti, har bishiyar da jaruma za ta ɓuya sai an hau mota an nemo ta.