Ra'ayinmu: Malam, Wane Littafi Ke Hannunka?

Duk inda malamai biyu suka haɗu a garin nan na Mada, ko a ƙofar makaranta, ko a tasha ana jiran motar Gusau, an san yadda hirar za ta gudana. Za a gaisa, a tambayi gida da iyali, a tambayi lafiyar hanya, wadda a shekarun nan ta zama tambayar da ba a yi da wasa. Daga nan sai a gangaro kan albashi, da ƙarin girma, da haƙƙin waɗanda suka yi ritaya. Duk waɗannan tambayoyi ne da suka dace, kuma domin su aka kafa ƙungiya. Sai dai akwai wata tambaya da ta salwanta a bakinmu ba tare da mun ankara ba, wato: "Malam, wane littafi ke hannunka yanzu?" A kan wannan tambaya muke so mu tsaya a wannan fitowa, domin muna ganin komawarta cikin gaisuwarmu aiki ne na ƙungiya, kamar yadda neman haƙƙi yake aikinta.

Mu faɗa wa kanmu gaskiya. A cikinmu akwai wanda rabonsa da karanta littafi daga bango zuwa bango tun lokacin da ya zauna jarrabawar ƙarshe a kwalejin horon malamai. Abin da ya rage a hannunsa shi ne littafin koyarwa na ajinsa, da tsohon shirin darasi da yake juyawa shekara da shekaru. Malami kuwa kamar rijiya yake: kullum ana ɗiba, in babu idon ruwa a ƙasa, wata rana sai guga ta fito da laka. Yara ba su da bakin faɗa, amma suna gane malamin da ke zuwa musu da sabon abu da wanda ke maimaita na bara. Hukuma ma tana lura. Ba mu manta da abin da ya faru a Jihar Kaduna a 2017 ba, inda aka yi wa malaman firamare jarrabawar gwaji, aka sallami fiye da dubu 21. Ƙungiyarmu ta yi tir da yadda aka gudanar da al'amarin, kuma muna nan kan wannan matsayi. Amma wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta, ya san abin da ya kamata ya yi da nasa. Malamin da ke karatu shi ne wanda ya fi wuyar a wulaƙanta, kuma shi ne wanda ƙungiya ta fi jin ƙarfin karewa.

Mun taɓa ganin darajar littafi da idonmu. A farkon watan Satumba na 2021, bayan sace ɗalibai a Jangebe a watan Fabrairu da kuma a Kaya ta ƙasar Maradun, an rufe makarantun jihar nan, an dakatar da kasuwannin mako, sannan aka katse layukan waya. Makonni suka shuɗe babu kira, babu WhatsApp, babu Facebook. A kwanakin nan ne aka buɗe akwatunan da aka daɗe ba a buɗe ba, aka kakkaɓe ƙura, littattafai suka soma yawo gida gida. Wanda yake da Magana Jari Ce ya zama mai baƙi, yara na sallama ana cewa a ba da aron na biyu, an gama na ɗaya. Da layin waya ya dawo, sai littattafan suka koma inda suka fito. Tambayar da muke yi wa kanmu ita ce: sai masifa ta sake raba mu da waya sannan za mu tuna da su?

Wannan ɗabi'a ta gaya wa juna abin da aka karanta gadonmu ce. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi sukutum, Ida'un Nusukh, inda ya jera malaman da ya yi karatu a wurinsu da littattafan da ya karanta a gaban kowannensu, har da waɗanda ya ɗauka a wurin yayansa Shehu Usmanu, wanda ya yi shekaru yana wa'azi a ƙasar Zamfara kafin jihadi. Saboda wannan jeri ne a yau muka san abin da almajiran wancan zamani suke karantawa. Haka nan Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta tsara 'Yan Taru, inda mata ke zuwa daga ƙauyuka ƙarƙashin jagorancin jaji, su ɗauki karatu, su koma su isar wa waɗanda ba su samu zuwa ba. Babu injin ɗab'i, babu mota, amma ilimi ya yi tafiya, domin wanda ya samu bai ɓoye ba.

A zamanin boko ma malaman makaranta ne suka riƙe tutar. Gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 ita ta haifar da Ruwan Bagaja, da Ganɗoki, da Shaihu Umar, da Idon Matambayi, da Jiki Magayi. Abubakar Imam yana koyarwa a Midil ta Katsina lokacin da ya rubuta nasa, Bello Kagara malami ne, Abubakar Tafawa Ɓalewa ma malami ne a Bauci. A shekarun 1940 kuma, a Bauci, Sa'adu Zungur da Aminu Kano da Tafawa Ɓalewa sun riƙa zama a wata majalisar tattaunawa inda ake baje abin da aka karanta, a yi muhawara a kansa. Malam Aminu shi ne jigon kafa ƙungiyar malaman Arewa wajen 1948, kuma a nan maƙwabtanmu, a makarantar horon malamai ta Maru, ya yi aikinsa na ƙarshe na koyarwa kafin ya ajiye a 1950. Ita ƙungiyar malaman Arewa daga baya ta haɗe da ta ƙasa, wadda aka kafa a Legas a 1931. Ke nan waɗanda suka share mana fagen neman haƙƙi mutane ne masu musayar littafi. Daga karatu suka samu harshen da suka fuskanci hukuma da shi.

Mun san abin da za a ce: littafi ya yi tsada, albashi bai kai ƙarshen wata, kuma mafi yawan abin da ake so sai an je Gusau, wani ma sai Zariya ko Kano. Gaskiya ne. Amma wannan dalili ne na haɗa hannu. Mu da muka iya adashen kuɗi, me zai hana mu adashen littafi? Idan malamai 10 suka yarda kowa ya sayi littafi ɗaya a kowane zangon karatu, a shekara sun tara 30, kowannensu ya biya kuɗin uku ya samu damar karanta talatin. Ga kuma wata riba da kuɗi ba ya saye, wato shaidar aboki. Mai kanti zai yaba maka duk abin da ke kan kantarsa. Abokin aikinka kuwa, wanda ya san ajinka, ya san ɗan lokacin da kake da shi tsakanin makaranta da gona, shi zai ce maka wannan ya dace da kai, wancan kada ka ɓata kuɗinka.

Domin kada mu yi wa'azin abin da ba mu aikata ba, ga abin da ke yawo a hannun masu shirya wannan mujalla. Mun sake karanta Shaihu Umar, wanda da yawanmu muka sani tun muna ɗalibai, muka tarar ya sauya mana fuska. Labarin yaron da aka sace aka ƙetara hamada da shi, da uwar da ta bi sawunsa tana nema, a da tarihi ne mai nisa, yanzu kuwa duk wanda ya zauna a Mada ko Tsafe ko Bunguɗu ba ya buƙatar a fassara masa zuciyar wannan uwa. Mun kuma karanta Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, wanda ya fito a 1982, labarin Mailoma da ya tara 'yan ta'adda a daji bayan yaƙin basasa. Littafi ne mai ɗaci, bai dace da ƙananan yara ba, amma babba zai yi mamakin abin da marubucin ya hango. Wanda ke son ya san tushen ƙasar nan, ya nemi binciken digirin Dakta Garba Nadama na 1977 kan tashi da faɗuwar daular Zamfara. Malaman Hausa kuma, Jagoran Nazarin Waƙar Baka na Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau zai ba su hanyar shigar da Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru cikin aji, mawaƙan da yara ke ji a gidajensu ba su san abin nazari ba ne.

Muna kuma jan hankalin maza daga cikinmu da su bar raina abin da matanmu da 'ya'yanmu mata ke karantawa. Sau da yawa a gidan malami matar ta fi mijin karatu, sai dai ba a taɓa tambayarta ba. So Aljannar Duniya na Hajiya Hafsat Abdulwaheed, wadda ta daɗe da zama a Gusau, ya fito tun 1980, kuma ana lissafa shi cikin ƙagaggun labaran farko da mace ta wallafa da Hausa. Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, labarin Rabi da miji ya kora da 'ya'yanta ta tsaya ta riƙe su da sana'ar abinci, an fassara shi zuwa Ingilishi an buga a Indiya a 2012. A cikin littattafan soyayya akwai tsaba akwai ƙaiƙayi, kamar kowane fanni. Mai son ya tace wa 'yarsa sai ya karanta tukuna, domin hani ba tare da sani ba ɓoyo kawai yake koyarwa.

Abin da ke kashe aron littafi mun san shi, kuma dole mu ambace shi. Na farko rashin mayarwa. Wanda ya ba da aro sau biyu bai ga littafinsa ba, ya kulle akwati ke nan, kuma ba za mu ga laifinsa ba. Littafin aro amana ne, a mayar da shi a kan lokaci, babu maiƙo, babu yagaggen shafi. Na biyu yabon abin da ba a karanta ba. Kada mutum ya ce littafi ya yi kyau alhali bangonsa kawai ya gani. In rabi ya karanta, ya ce rabi ya karanta. Na uku mai da majalisar karatu fagen gardamar aƙida ko ta jam'iyya. Ana iya saɓa wa marubuci, a kuma saɓa wa juna, a tashi ana dariya. Na huɗu watsa kwafin littattafan marubuta masu rai ta waya ba da izininsu ba. Mu da ke kukan a biya mu ladan guminmu, bai kamata mu zama masu cin gumin wani ba.

Saboda haka muna ba reshe shawarwari huɗu, waɗanda babu wanda ke buƙatar izinin kowa ko kasafin kuɗi. A ware minti 10 a ƙarshen kowane taron reshe, mutum biyu su tashi su faɗi abin da suke karantawa. Kowace makaranta ta tanadi akwati ɗaya a ofishin malamai, da littafin rajista na suna da ranar karɓa da ranar mayarwa, wa'adi mako biyu. Daga fitowa ta gaba wannan mujalla za ta buɗe fili mai suna "Abin da Ke Hannuna": layi biyar ko shida, sunan littafi da marubucinsa, abin da ya ƙunsa, wanda ya dace da shi, da inda za a same shi. Ƙofa a buɗe take ga malamin lissafi da na kimiyya da na Arabiyya, ga waɗanda suka yi ritaya, ga matan aure da ɗalibai, da Hausa ko Ingilishi ko ajami. Na ƙarshe, kowane gida ya zaɓi dare ɗaya a mako, bayan sallar isha'i, a ajiye waya, wani ya karanta a bayyane sauran su saurara. Yaron da ya ga mahaifinsa riƙe da littafi ba ya buƙatar doguwar nasiha.

Wannan bai sauke wa gwamnati nauyinta ba. Za mu ci gaba da neman a gina ɗakunan karatu a makarantu, a zuba musu littattafai, a tsare hanyoyi, a biya malami abin da zai ishe shi ya ci ya kuma sayi littafi. Amma masu ɗauke da makamai a dazuzzukan da ke kewaye da mu sun riga sun ci wa yaranmu watanni na karatu, kuma bai kamata mu ƙara musu da namu sakacin ba. Abin da ke hannunmu mu soma da shi. Gobe in ka haɗu da abokin aikinka, bayan ka tambayi gida da hanya, ka ƙara tambaya ɗaya, ka kuma tanadi amsarka, domin shi ma zai tambaye ka.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya kawo mana zaman lafiya a Mada da Zamfara baki ɗaya. Amin.