Ruwan Wikki Ba Ya Son Sifika

Mu mutanen Yawunde, bazara labarinta muke ji. Daga tsakiyar Maris ruwan sama ya sauko, jar ƙasar unguwar Elig-Edzoa ta koma caɓi, mai tsire a unguwarmu ta Birik yana jan langa-langa ya rufe wutarsa. Sai da bikin 'yar kawuna ya kai ni Bauchi a watan Afrilu na san abin da iyayenmu ke nufi in suka ce gari ya yi zafi. Jirgin ƙasa na dare ya sauke ni Ngaundere, mota ta bi da ni Garwa, Yola, Gombe, kowane gari ya fi na bayansa turiri. Da aka watse biki, Kawu ya ce ba zan koma Kamaru ban ga dajin Yankari ba.

Mun ratse daga Dindima da hantsi, mota biyu, da kwanon masa cike da aka toya da asuba, da miyar taushe a kula, da ƙwaryar fura. Wani dattijo mai gurmi da ya yi wasa a bikin ya biyo mu, don ƙauyensu na kan hanya.

Ruwan Wikki, da ke cikin Yankari, daga ƙarƙashin wani dutse yake ɓullowa, garau, kana tsaye zuwa ƙirji kana ƙirga yatsun ƙafarka a kan farin yashi. Ɗuminsa digiri 31 ne dare da rana, hunturu da damina, domin ruwan sama ne da ya nutse can cikin ƙasa, zafin ƙasa ya gasa shi kafin ya dawo. Lita miliyan 21 yake zubarwa kullum zuwa kogin Gaji. Da sanyin hunturu an ce kamar an ɗora maka shi a murhu. Amma a bazara, da iska ta doshi digiri 40, ni sanyi na ji. Na shiga na ƙi fita. Gwaggo kuwa ƙafa kawai ta tsoma, tana ta jan mayafi, wai da za a ware wa mata sa'arsu da ta yi iyo irin na ƙuruciya. Ban ga laifin maganarta ba.

Muna cikin haka wasu samari suka sauko da sifika mai girman jarka, suka dasa ta a bakin ruwa suka ƙure. Tsuntsayen da ke kan bishiyoyi suka watse. Kawu ya yafito ɗaya ya ce, "Ɗana, wannan waƙar ba ka da ita a gida?" Yaron ya ce, "Baba, ku yi haƙuri, shaƙatawa muka zo." Ya rage kaɗan, da Kawu ya juya ya mayar.

Tambayar Kawu ita ce ta tsaya mini a rai. Mutum ya ƙona mai, ya biya kuɗin ƙofa, ya shigo daji mai murabba'in kilomita sama da 2,200, sannan ya toshe kunnensa da abin da ke cikin wayarsa tun bara. Ya zo da shinkafa a roba da lemon gwangwani, irin wanda ake sayarwa a kowace tasha daga Legas zuwa Duwala. To me ya zo nema?

Ni ɗan unguwar da ta san amsar nan ne. Birik ba ta da dutse, ba ta da giwa, lungunanta kuwa sai wanda ya sani. Amma da magariba manyan motoci ke layi, ma'aikatan gwamnati da Turawan ofisoshin jakadanci, kowa ya zo cin soya, wato tsirenmu, da yaji a takarda. Ba mu canja masa suna ba, ba mu sa masa cokali mai yatsu ba. Baƙo abin da ba shi da shi yake bi. Bauchi kuma tana da masar da ko a Yawunde in mace ta iya suya sai a ce kamar ta Bauchi.

Saboda haka ra'ayina shi ne a bai wa matan ƙauyukan Alkaleri da ke kewaye da dajin rumfuna, su toya masa, su dama fura, a bai wa makaɗansu fili da yamma can a sansani, nesa da bakin ruwa. Ba don daɗin baƙo kaɗai ba. Tun 1956 aka killace dajin nan, aka buɗe shi ga jama'a a 1962, ya zama na tarayya a 1991, ya dawo hannun jihar Bauchi a 2006. Duk wannan canjin hannu, manomin da ke gefe yana nan, kuma giwa in ta fito gonarsa take shiga. Wanda giwa ta cinye wa dawa ba zai so ta don wa'azin jami'i ba. In matarsa na dawowa da cinikin masa daga baƙin da giwar ta jawo, lissafin ya canja, mafarauci ma zai rasa mai ɓoye shi.

Wani zai ce kiɗa kiɗa ne, me ya raba gurmi da sifika? Akwai abin da ya raba su. Kalangu ma ba zan kai shi bakin Wikki ba. Mai gurmi yana da ido. Bayan la'asar dattijon nan ya zauna gindin bishiya ya fara taɓawa a hankali, har kana jin gudun ruwa ta ƙarƙashin kiɗan. Ya tambayi sunan kakana, ya saka shi a waƙa, ya haɗa da fataken goro da suka yi kudu ba su dawo ba. Da aka kira sallah ya kife gurmin a cinya. Biyu daga cikin samarin nan sai ga su sun matso, ɗaya har ya liƙa masa naira 500.

Masar ce dai ba mu ci da daɗi ba. Kawu ya gargaɗe ni kada in bar kwano a buɗe, na ɗauka zolaya ce. Ina juyawa in wanke hannu, wani ƙaton gwaggon biri ya diro, ya cika hannu biyu da baki, ya hau reshe yana kallona yana ci. Guda huɗu ya bar mana, mu tara.