Diplom ba ya warkar da majinyaci

Ma'aikacin lafiyar da ya fito daga makarantar Damagaram ko ta Yamai a 1995 an koya masa cewa nibakin ne maganin zazzaɓin cizon sauro, kuma a wancan zamani malamansa sun faɗi gaskiya. Sai dai ƙwayar cutar ta zo ta gagari nibakin, har a 2005 Nijar ta koma ga magungunan haɗi irin su Coartem. A 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a gwada jini kafin a ba da magani. A 2011 ta fifita allurar artesunat a kan kinin ga wanda zazzaɓi ya yi wa tsanani. A 2012 ta kawo rigakafin damina ga yara ƴan wata 3 zuwa 59. Sauyi huɗu ke nan cikin shekara 7. Majon da ya rufe kayensa ran da ya karɓi diplom, da me yake jinyar ƴaƴan talakawa?

Amsar da aka saba ji ita ce gwamnati ba ta aika shi ƙaro ilimi ba. Ƙorafin yana da tushe, domin waɗanda suka yi aiki a shekarun 1990 sun ɗanɗani bashin albashi na watanni da faɗuwar darajar sefa ta 1994. Amma wata ɗabi'a ta yi kanta a gidajen likita: ba a buɗe littafi sai an kira seminar mai kuɗin guzuri. Takardar ƙa'idojin magani tana cikin durowa ta yi ƙura, alhali karanta ta ba ya cin dala ɗaya. Tambayar abokin aiki ma kyauta ce, ko da ƙane ne a aiki, domin gemu ba ya hana ilimi.

Nauyin bai tsaya kan ma'aikaci kaɗai ba. Ɗan kasuwar da ya san farashin buhun hatsi a Maraɗi da Jibiya a rana guda ba shi da hujjar jahiltar abin da ɗansa ke haɗiya. Coartem sau biyu ake sha a yini har kwana 3, tare da madara ko abinci mai maiƙo. Wanda ya tsaya a kwana na biyu don jiki ya yi sanyi, ya ajiye saura don gobe, ya bar wa cuta ƙofa a buɗe. Mai jinya yana da haƙƙin tambayar sunan magani da adadinsa da kwanakinsa, kuma wajibi ne a amsa masa ba da tsawa ba.

A ci gaba da bin gwamnati bashin magani da albashi, haƙƙi ne. Amma yaron da aka kawo da tsakar dare yana jijjiga ba zai jira seminar ba. Rayuwarsa, bayan ikon Allah, ta rataya ga abin da mai gadin daren ya karanta da kansa.