SHARHI: Gargaɗin Janiba na isa Abuja cikin sa'o'i, amma yaushe yake isa kemis ɗin Ajingi?

A ranar 5 ga Oktoban 2022, Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta fitar da gargaɗi kan wasu magungunan tari da mura na yara guda huɗu da kamfanin Maiden Pharmaceuticals na Indiya ya sarrafa. Gwaji ya nuna suna ɗauke da sinadaran diethylene glycol da ethylene glycol, waɗanda ke lalata ƙoda, kuma an alaƙanta su da mutuwar yara 66 a Gambiya, adadin da daga baya ya kai kusan 70. Hukumar ta yi kashedin cewa mai yiwuwa magungunan sun tsallaka wasu ƙasashe ta kasuwannin bayan fage. Cikin 'yan kwanaki hukumar NAFDAC ta fitar da nata gargaɗin a Najeriya.

A takarda, tsarin ya yi aikinsa. Amma ba a ofisoshin Abuja ake shan maganin tari ba. Uwar da ɗanta ya kwana yana tari a wani ƙauyen Ajingi, ko mahaifin da ya biya kemis a Gaya bayan sallar magariba, su ne ma'aunin gaskiya. Idan gargaɗi bai isa kunnensu ba, da shi da babu duk ɗaya ne.

Yadda tsarin yake aiki

Duniya ba ta rasa hanyoyin kwarmata hatsari ba. Tun 2013 WHO ke da tsarin sa ido kan jabu da gurɓatattun magunguna, inda hukumar kowace ƙasa ke kai rahoto, idan lamarin ya yi tsanani a sanar da sauran ƙasashe. A ɓangaren abinci akwai INFOSAN, wadda WHO da Hukumar Abinci ta FAO suka kafa a 2004. Tarayyar Turai na da RASFF tun 1979 domin abinci, da Safety Gate domin kayayyaki irin su kayan wasan yara, man shafawa da kayan lantarki.

Dukkansu sun ginu ne a kan zato guda: cewa idan labari ya isa hukumar ƙasa, akwai hanyar da za ta bi diddigin kaya daga mai shigowa da su zuwa dillali har zuwa kanti. A ƙasashen da kowace kwalba ke da rasit, zaton ya yi daidai. A karkarar Kano kuwa, nan ne igiyar ke tsinkewa.

Najeriya ta san ɗacin wannan guba

A 1990 yara 109 suka mutu a Najeriya bayan shan gurɓataccen maganin parasitamol na ruwa. Daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 maganin haƙoran yara na My Pikin ya yi ajalin aƙalla yara 84, kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya na cikin wuraren da suka fara ganin yaran da ƙodarsu ta daina aiki. Gubar dai ita ce diethylene glycol, wadda ta sake bayyana a Gambiya shekara 14 bayan nan.

A Afrilun 2024 NAFDAC ce da kanta ta fara kwarmato, inda ta janye wani rukuni na maganin tari na yara mai suna Benylin Paediatric da aka sarrafa a Afirka ta Kudu, bisa sakamakon gwajinta. Kenya, Ruwanda, Tanzaniya da Zimbabuwe suka bi sahu, ko da yake daga baya hukumar magunguna ta Afirka ta Kudu ta ce nata gwajin bai gano gubar ba. Abin lura shi ne kwanan watan da ke jikin kwalbar: an sarrafa rukunin a Mayun 2021, wa'adinsa kuma na ƙarewa a Afrilun 2024. Wato gargaɗin ya zo ne a watan ƙarshe na rayuwar maganin.

Inda gargaɗi ke maƙalewa

Sanarwar NAFDAC na fita ne da Turanci, a shafinta na intanet da kafafen sada zumunta, ɗauke da sunan sinadari da lambar rukuni. Mai kemis a Ajingi ba daga kamfani yake sayo magani ba. Daga dillalan birnin Kano yake saro shi, sau da yawa ba tare da takardar da ke nuna lambar rukuni ba. Mai tallan magani a kwali ranar kasuwa ma ba ya cikin rajistar kowa. Da wuya a janye kayan da ba a san inda suka shiga ba.

Wannan ne dalilin da ya sa batun mayar da dillalan magani daga Sabon Gari zuwa cibiyar Kanawa da ke Dangwauro ya wuce rikicin rumfuna. A Fabrairun 2024 NAFDAC da Hukumar Kula da Harhaɗa Magunguna ta PCN sun rufe shaguna sama da 1,300 a birnin Kano domin tilasta ƙaurar. 'Yan kasuwa sun koka da tsadar sabon wurin, kuma kukansu abin saurare ne. Sai dai tara dillalai wuri guda ba zai amfani mutumin Gaya ba sai idan kowane kwalin da ya fita daga Dangwauro ya fita da rasit mai lambar rukuni.

Akwai kuma hanyar komawa, wadda ba a cika magana a kanta ba. Gargaɗin Gambiya ya samo asali ne daga likitocin Banjul da suka lura yara na zuwa da ciwon ƙoda fiye da kima. A Kano, a Maris da Afrilun 2021, sai da ɗaruruwan mutane suka kwanta a asibiti, wasu na fitsarin jini, kafin a gano cewa matsalar na cikin garin haɗa lemo da ɗan tsami da ake sayarwa a kasuwa. Kwamishinan lafiya na lokacin, Dakta Aminu Ibrahim Tsanyawa, ya sanar da mutuwar mutum 10. Idan a birni aka ɗauki makonni, yaron da ya daina fitsari ya rasu a gida a ƙauye, aka yi jana'izarsa kafin azahar, ba zai taɓa shiga ƙididdigar kowa ba.

Darasin wake

Manoman Gaya da Ajingi, waɗanda wake ke cikin abin da suke nomawa, sun riga sun ɗanɗana ƙarfin irin wannan tsari ta wata fuska. A Yunin 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya, bayan RASFF ya tara rahotannin samun maganin ƙwari na dichlorvos fiye da ƙa'ida, sinadarin da ke cikin fiya-fiya da ake zuba wa wake domin kashe ƙwari. Turai ta kare 'yan ƙasarta da sa hannu guda. Waken da aka ƙi karɓa a can kuwa, irinsa ne ake dafawa a gidajen Kano. Gargaɗin ya rufe wa manomi kasuwa, amma bai zo masa da bayanin hatsarin da ke cikin buhunsa ba, alhali akwai buhuna masu hana iska shiga da ke adana wake ba tare da magani ba.

Hanyar tana nan, amfani da ita ne ba a yi

Kano ba ta buƙatar ƙirƙiro sabuwar hanyar isar da saƙo. Yaƙi da cutar shan inna ya bar tsari da ke kaiwa kowace unguwa: hakimai, dagatai, masu unguwanni, limamai, mata masu wayar da kai gida-gida, da jami'in sa ido kan cututtuka a kowace ƙaramar hukuma. Da wannan tsari aka kai ga ayyana Najeriya a matsayin wadda ta rabu da nau'in cutar na asali, wato wild polio, a 2020. Babu abin da zai hana kowane gargaɗin NAFDAC a fassara shi da Hausa cikin kwana guda, da hoton kwalbar, a karanta a gidajen rediyo, a tura wa ƙungiyoyin masu kemis ta WhatsApp, a sanar a masallatan Juma'a. Haka kuma a horar da ma'aikatan asibitocin karkara su kai rahoton duk yaron da fitsarinsa ya ɗauke bayan shan maganin ruwa, su kuma adana kwalbar.

Sannan dole a amsa tambayar da ke zuciyar mai kemis: idan ya miƙa kwalin da aka janye, wa zai biya shi? Muddin asara ce kawai ke jiransa, zai gwammace ya sayar a ɓoye.

Gaya, Ajingi da Albasu na da ɗan majalisar wakilai guda, kowacce kuma na da ɗan majalisar jiha da shugaban ƙaramar hukuma. Matasan da ke bibiyar su kan titi da rijiyar burtsatse na da damar ƙara tambayoyi uku: kemis nawa ne ke da rajista a yankin, wane jami'i ne ke da alhakin isar musu da gargaɗi, kuma kwana nawa gargaɗin ƙarshe ya ɗauka kafin ya iso? Amsoshin ne za su nuna ko yaron Ajingi na cikin waɗanda tsarin gargaɗin duniya ke karewa.