Martani ga Hugh Howey: Ba Kowane Littafi Ne Wool Ba

Hugh Howey, Ba'amurken marubucin ƙagaggun labaran kimiyya, ya daɗe yana jaddada cewa marubuci ya buga littafinsa da kansa ya fi masa riba a kan ya miƙa wuya ga manyan kamfanonin ɗab'i. A 2014 ya kafa hujja da rahoton Author Earnings kan kuɗin da marubuta ke samu. Hujjar nan ba ta riƙe ruwa.

Rahoton farko ya duba littattafai kusan 7,000 ne daga jerin waɗanda suka fi kasuwa a Amazon, na rana ɗaya tak. Wanda ya ƙirga masu cin kasuwa kaɗai, yaushe zai ga dubban marubutan da hajarsu ta yi kwantai?

'Yancin da Howey yake yabo kuma, na wa ne? Amazon ke gindaya sharaɗi. A lokacin rahoton, marubuci ba ya samun kashi 70 cikin ɗari na kuɗin cinikin sai farashin littafinsa ya tsaya tsakanin dala 2.99 da 9.99. Shiga tsarin Amazon na Kindle Unlimited kuwa sai ya hana sauran shagunan intanet littafin. Kuɗin edita, zanen bango da talla duk daga aljihunsa za su fito.

Shi kansa Howey, da littafinsa Wool ya yi fice, sai da ya ba Simon & Schuster haƙƙin buga shi a takarda a 2012, domin kamfanin ne ke da hanyar kai littafi shaguna.

Buga littafi da kai hanya ce halastacciya. Amma a gaya wa sabon marubuci gaskiya tun kafin ya zuba jarinsa: asarar ma shi kaɗai zai ɗauka.