Raddi Ga Mai Wajabta Daidaita Fayafan Ajiya

Wata maƙala ta zo hannuna, wadda wani malami daga cikin masu sana'ar kwamfuta ya rubuta yana yi wa jama'a gargaɗi game da sabar ajiya da mutane ke haɗawa a gidajensu, wato kwamfutar nan mai fayafai huɗu ko shida ko fiye, inda ake tara hotunan iyali da takardun filaye da finafinai da karatuttukan malamai. Jimillar da'awarsa ita ce, duk ran da mutum ya ƙara sabon faifai, wajibi ne a kansa ya kwashi kaya daga tsofaffin ya zuba a sabon, har sai kowane faifai ya cika daidai da ɗan'uwansa, wanda ya ƙi kuwa ya yi sakaci da amanar da ke hannunsa. Hujjojinsa uku ne: cikakken faifai yana saurin mutuwa, gudun aiki yana raguwa, asara kuma tana yawaita ran da faifai ya lalace. Na ƙudurta in bi su ɗaya bayan ɗaya bisa adalci, ko da yake, in an tuɓe wa maƙalar ado da tsoratarwa, abin da ya rage bai wuce cewa idon malamin ba ya son ya ga ma'aunin wannan faifai a sama, na wancan a ƙasa ba.

Hujjarsa ta fari, wadda ya gina kome a kanta, ƙiyasi ce. Wai fayafai kamar jakunan fatake suke, in aka labta wa ɗaya kaya aka bar sauran suna tafe wofi, wanda aka labta wa shi zai riga durƙushewa. To, ɗalibin da ya fara leƙa usulu jiya ma ya san ƙiyasi ba ya inganta sai illar hukunci ta haɗa asali da reshe, illar da ke durƙusar da jaki kuwa nauyi ce, saboda haka sai malam ya gaya mana nauyin da terabait bakwai ke ƙara wa faifai. Rubutu a faifai ba kome ba ne illa juya fuskar maganaɗisu a wasu gurabe 'yan mitsi-mitsi da ke kan faranti, gurbin da ba a rubuta kome a cikinsa ba shi ma yana nan da tasa fuskar, farantin kuma yana juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, ko a cike yake maƙil ko a wofi, ba tare da injin da ke juya shi ya san bambanci ba. Abin da ke tsufar da faifai sananne ne ga duk wanda ya taɓa buɗe rahoton lafiyar nan da ake kira SMART, inda faifai ke ƙididdige sa'o'in da ya yi a kunne, da yawan tashi da tsayawarsa, da zafinsa, da guraben da suka ɓaci aka musanya su. Na nemi layin da ke ƙidaya cikar faifai a matsayin ciwo, babu shi. Su kansu masu ƙera fayafan, da suka tashi yanka haddin wahalar da faifan saba na gida zai iya jurewa, irin WD Red Plus da Seagate IronWolf, abin da suka rubuta shi ne terabait 180 a shekara na abin da aka karanta da wanda aka rubuta, wato da zirga-zirgar kaya suke awo, ba da zaman kaya ba.

Malam ya ambaci bincike a dunƙule, bai kawo isnadi ba, sai ni in kawo masa. A shekarar 2007 wasu injiniyoyin Google uku, Pinheiro da Weber da Barroso, suka buga nazarin da suka yi a kan fayafai fiye da 100,000, suka tarar alaƙar yawan aiki da mutuwar faifai ba ta kai ƙarfin da ake zato ba, ta fi bayyana ne a sababbi fil da kuma waɗanda suka tsufa. Yawan aikin da suka auna ɗin ma karatu da rubutu ne, ba cika ba. Ina kyautata zaton malam ya ji labarin fayafan nan marasa faranti da ake kira SSD, waɗanda rubutu ke cinye su sannu a hankali, kuma suke shan wuya in sun cika ƙwarai, sai ya ɗauko hukuncinsu ya ɗora wa masu faranti bai duba ba. Haka taƙalidi ke yi da mutum.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, maganin da ya rubuta mana shi ne ainihin cutar da yake tsoro. A ɗauka mutum yana da fayafai huɗu masu terabait 8 kowanne, sun cika kashi 90 cikin ɗari, wato terabait 28.8 ke nan, sai ya sayo na biyar. Domin a daidaita su yadda malam ke so, sai an kwashi terabait 5.76 an zuba a sabon, wanda ko da kwasar na tafiya da megabait 150 a daƙiƙa, ba tangarɗa ba tsayawa, sai an yi kusan awa 11 tsofaffin fayafai suna haƙilo. Wannan kuwa lissafin ranar sa'a ne. A Unraid, ɗaya daga cikin tsare-tsaren da ake haɗa fayafan saba da su, duk abin da za a rubuta sai an fara karanta tsohon abin da ke gurbin da kuma na faifan kariya, wanda da shi ake maido da kayan faifan da ya mutu, sa'an nan a rubuta duka biyun, saboda haka gudun ya faɗi, kwasar ta ja lokaci. A SnapRAID kariyar ba ta cika sai an sake lissafi bayan an gama, tsakanin kwasa da lissafi kuwa kayan suna cikin rauni. A ZFS abin ya fi muni, domin fayil ɗaya a warwatse yake bisa rukunan fayafai, ba ya daidaituwa sai an sake rubuta shi, idan kuma mutum yana riƙe da hotunan tsohon halin rumbunsa, kamar yadda ya kamata kowane mai hankali ya riƙe, tsofaffin guraben ba za su saku ba, sai ya wayi gari kayan da ya taɓa sun ci wuri ninki biyu. Wato a tilasta wa tsohon faifai aiki mai tsanani, a buɗe ƙofar kuskuren hannu, a yi haka a garuruwan da ake ɗauke wuta ba sallama, duk domin a tsare shi daga nauyin da ba ya ji. Haba malam!

A kan ZFS ɗin nan ma akwai abin lura. An fara gina shi a kamfanin Sun a 2001, aka fito da shi a 2005, aka yi shekara kusan 20 ana tafiyar da manyan rumbunan jami'o'i da kamfanoni da shi alhali ba shi da umarnin sake rarraba tsohon kaya, sai a 2025 aka ƙara masa umarnin sake rubutawa. Abin da yake yi tun asali shi ne, in an ƙara sabon rukuni, sai ya riƙa karkata sababbin rubuce-rubuce wajen da ya fi sarari, har abin ya daidaita da kansa a hankali. Da barin daidaitawa sakaci ne da amana, da masu amanar da ta fi ta malam nauyi sun daɗe da tozarta.

Hujja ta biyu, ta gudu, tana da ɗan ƙamshin gaskiya, don zoben ciki na faranti ya fi na waje gajarta, karatu a can yakan sauka zuwa wajen rabin na bakin faranti, kuma a ZFS kayan da suka bazu bisa rukunai da yawa sun fi saurin karantuwa. Amma ina gudun zai bi ya fita? Wayar sadarwar galibin gidaje ta gigabit ɗaya ce, iyakarta megabait 125 a daƙiƙa, wanda faifai guda na zamanin nan ke iya cikawa shi kaɗai a mafi yawan farantinsa. Fim mafi nauyi na Ultra HD Blu-ray kuwa bai wuce megabit 128 a daƙiƙa ba, wato megabait 16. A Unraid da mergerfs ma kowane fayil a faifai ɗaya yake zaune ɗungurungum, daidaitawa ba ta ƙara wa karatunsa ko ƙwayar zarra. Mai tace finafinai da wayar gigabit 10 yana da uzuri, amma ba shi malam ya rubuta wa maƙala ba.

Ta uku, wai in kaya suka taru a faifai ɗaya asara ta fi yawa. A ZFS, rukuni ɗaya in ya hallaka rumbun duka ya tafi, an daidaita ko ba a daidaita ba. A Unraid, in mutuwa ta wuce adadin fayafan kariya, abin da ke kan matattun kawai ake rasawa, a nan kuwa wanda ya tara hotunan bikin 'yarsa wuri ɗaya ya san abin da ya ɓata, ya san abin da zai maido daga kwafinsa, wanda ya bi fatawar malam ya watsa su bisa fayafai biyar sai ya tarar kowace jaka da giɓi. Maganin asara kwafi ne na biyu da aka ajiye a wani gida, malam kuwa bai ba shi ko layi ɗaya ba.

Akwai mas'aloli biyu da daidaitawa ke zama lalura, ba zan ɓoye su ba don sun taimaki abokin jayayya. A Btrfs, in an zaɓi tsarin kwafi biyu, kowane yanki sai ya sami fayafai biyu masu sarari, saboda haka wanda fayafansa biyu suka cika ya ƙara na uku, ba zai amfana da sabon ba sai ya gudanar da umarnin daidaitawa. Haka nan faifan da ya cika har babu wurin numfashi, a rage masa kaɗan. Wannan rangwame ne na lalura, ba ya zama wajibi a kan kowa.

Sauran maganganunsa ba su cancanci dogon bahasi ba. Ya ce rashin daidaito alamar ɓacin tsari ce, alhali Unraid da gangan yake cika faifai ɗaya zuwa wani haddi kafin ya koma na gaba, domin sauran su yi barci, mai kunna sabarsa da batir da hasken rana kuwa ya san darajar wat biyar da kowane faifai mai juyawa ke sha. Ya ce a maimaita daidaitawar kowane wata. Wannan kam na bar shi da Allah. Ya ce ya fi kyaun gani, na yarda.

Hukuncin da na tsaya a kai shi ne, daidaita fayafai halal ne ga mai buƙata, makaruhi ne ga wanda sha'awar ido kawai ta motsa shi, ba wajibi ba ne a kan kowa. Idan malam yana da alƙaluman da suka nuna cikakken faifai mai faranti ya riga wofi mutuwa saboda cikarsa, ya buga su tare da sunan wanda ya auna da shekarar da aka auna, za mu karanta.