Ƙugiyar Ja a Bayan Motar Lantarki

Tun daga ran 29 ga watan Mayu na shekarar 2023, ranar da Shugaban Ƙasa Bola Ahmed Tinubu ya tsaya a Dandalin Eagle da ke Abuja ya ce zancen tallafin man fetur ya ƙare, masu motoci a babban birnin Tarayya suka shiga lissafin da ba su saba da shi ba. Litar man da ake saye ƙasa da Naira 200 ta koma Naira 537 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta haura Naira 1,000. Wannan ne ya sa waɗansu masu hali suka juya ga motar da ba ta shan mai, watau motar lantarki, wadda a da ake yi wa kallon abin wasan Turawa.

Alhali kuwa ba baƙuwa ba ce a Abuja. A watan Fabrairu na 2021 Hukumar Tsara da Bunƙasa Ƙere-ƙeren Motoci ta Ƙasa, a ƙarƙashin shugabanta na wancan lokaci Malam Jelani Aliyu, mutumin Sakkwato wanda ya zana surar motar Chevrolet Volt a Amurka, ta nuna wa jama'a Hyundai Kona mai lantarki wadda kamfanin Stallion ya harhaɗa a Ikko. A watan Yuni na shekarar, Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Farfesa Yemi Osinbajo, ya tuƙa ta da hannunsa a wancan dandali. Daga baya 'yan kasuwa suka shiga shigo da irin su Tesla da Nissan Leaf da BYD, sababbi da na hannu.

To, mai mota a Abuja ba ofis kaɗai yake zuwa da ita ba. Da yawa daga cikin ma'aikata da 'yan kasuwa suna da 'yar gona a Kuje ko Kwali ko Bwari, akwai tankin ruwa da za a kai, akwai injin ban ruwa, akwai buhunan masara da za a kwaso da kaka, ga kuma ragon layya idan Babbar Salla ta gabato. Wanda ya saba da tsohuwar Peugeot 504 ya san maganin wannan. Ya nufi garejin Apo da safe, mai walda ya yanko ƙarfe mai kauri, ya liƙa shi a ƙarƙashin bamba, ya ɗaura ƙugiya, kafin azahar an maƙala 'yar tirela an kama hanya. Abin tambaya shi ne ko wannan dabara za ta yi a jikin motar lantarki, wadda aka riga aka saya babu ƙugiya.

Amsar tana cikin littafin da motar ta zo da shi, wanda galibi ake jefawa cikin aljihun gaban mota a manta. Kowane kamfani yakan rubuta iyakar nauyin da ya yarda motarsa ta ja, kuma akwai motocin lantarki da aka rubuta musu sifiri. Kona mai lantarki ta farko, wadda ta fito a 2018, an sayar da ita a Turai da Amurka ba tare da izinin jan tirela ba, haka ma tsofaffin Nissan Leaf. A kan sabuwar Kona ta 2023 mai babban baturi kuwa kamfanin ya amince da kilo 750 a Turai. Yayarta Ioniq 5 mai babban baturi tana jan kilo 1,600, haka kuma Tesla Model Y. Labarin Tesla Model 3 ya fi dacewa da wannan magana: da kamfanin ya fara sayar da ita da ƙugiya a Turai cikin 2019, mai jan kilo 910, ya faɗa wa masu saye ƙarara cewa sai a lokacin yin oda ake zaɓar ta, ba a ƙara ta bayan an karɓi mota. Ashe su ma can sun san ba a fafe gora ranar tafiya.

Mai karatu zai iya cewa ai ƙarfin ja ne ake nema, motar lantarki kuwa ta fi ta fetur fizga tun daga tashi. Gaskiya ne, kuma nan ne ruɗin yake. Za ta ja kayan, har ma direba ya ji kamar babu kome a baya. Abin da ba ya gani shi ne motar ta riga ta ɗauki nata kayan tun daga masana'anta. Baturin Kona mai ƙarfin kilowat-awa 64 ya haura kilo 400, nauyin buhu huɗu na masara ke nan da ɗoriya, shimfiɗe a ƙarƙashin kujeru. An auna tayoyi da sifirin da burki bisa wannan nauyi da na fasinjoji, sabo da haka ragowar da ta saura wa tirela ba ta da yawa. Bugu da ƙari, jan kaya a hawa yana ƙara wa injin da baturi zafi, ƙasar nan kuwa ba ta rasa zafi ba, balle a watan Maris da Afrilu.

Batun burki ya cancanci a tsaya a kansa. Motar lantarki tana rage gudu ta hanyoyi biyu. Idan direba ya ɗaga ƙafa daga totur, injin yakan juye ya zama janareta, ya riƙe motar, ya mayar da wuta cikin baturi. Sai an taka sosai ne burkin taya yake shiga aiki. Amma baturin da ya cika maƙil ba shi da wurin karɓar wuta, don haka motar takan rage wancan riƙo ko ta janye shi gaba ɗaya. A ɗauka mutum ya kwana yana caji a Asokoro, da asuba ya ɗaura tanki mai lita 1,000, wanda ruwansa kaɗai tan guda ne, ya nufi Keffi. Kafin baturin ya rage ya iso gangaren Kugbo, inda direbobin manyan motoci suka san abin da ake ciki. A nan nauyin mota da na tanki duk zai koma kan burkin taya, tirelar da aka ƙera a bakin hanya kuma ba ta da burkin kanta. A Turai doka ba ta barin tirela marar burki ta wuce kilo 750, kome girman motar da ke janta, kuma ba don ƙyashi aka sa wannan iyaka ba.

Sai kuma aikin ɗaurawar kansa. A ƙarƙashin motar lantarki akwai wayoyi masu rufin ruwan lemo, ɗauke da wuta mai ƙarfin bolt 400, a waɗansu ma 800. Wutar gida da ke jefar da ƙato bolt 230 ce. Akwai bututan ruwan sanyaya baturi, akwai akwatin baturin kansa, wanda idan aka huda shi ko aka gasa shi da zafin walda yana iya kamawa da wuta mai wuyar kashewa, mai sake tashi bayan an zaci ta mutu. Waɗansu motocin kuma da gorar ruwa aka yi sassan jikinsu, ƙarfen walda na yau da kullum ba ya kama ta. Ba a raina gwanintar masu waldar Apo ba, mutanen da suka tsayar da motocin da masu ƙera su suka daɗe da yafewa. Sai dai wannan aiki na sifana ne. Ƙugiyar da aka yi domin motar takan zo da nata ƙarfen gicciye da notuna, a kwance bamba, a ɗaure ta a ramukan da kamfani ya tanada a jikin shasi, a matse kowane noti gwargwadon awon da aka rubuta. Bakaniken da ya ce sai ya huda ko ya kunna wuta, a yi masa godiya a ɗauke mota.

Wutar tirela ma haka take. An saba a feɗe wayar fitilar baya a jona, a naɗe da salatif. Motar zamani kwamfuta ce ke lura da kowace fitila, da ta ji an ƙara mata kaya sai ta kunna gargaɗi ko ta yanke layin. Akwai ɗan akwati na musamman da soket mai ƙafa 7 ko 13 da ake sawa, wanda a waɗansu motoci yake sanar da kwamfutar cewa akwai tirela, domin ta gyara yadda take taka burki da kanta. Tirelar da ba ta nuna fitilar burki da sigina da dare, a kan hanyar Lokoja, ba sai jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra sun yi magana ba. Wani ƙaramin abu kuma da ke cin mutane: ƙwallon ƙugiyar Turai milimita 50 ne, wanda aka fi gani a Amurka kuwa inci 2, watau milimita 50.8. Ido ba ya rarrabe su, amma bakin tirelar Amurka a kan ƙwallon Turai yakan yi sako-sako. Tun da motocin hannu daga ɓangarorin biyu suke shigowa, sai a auna.

Ko da an yi kome daidai, akwai kuɗin da ake biya da tafiya. Gwaje-gwajen da aka yi a ƙasashen waje sun nuna babbar tirela mai tare iska tana iya cinye rabin zangon da baturi yake kaiwa. Motar da aka ce tana yin kilomita 450 ta koma 225 ko ƙasa, ga na'urar sanyaya ɗaki tana nata ci. Daga Abuja zuwa Kaduna kusan kilomita 190 ne, wuraren caji kuma ba a jere suke a hanya kamar gidajen mai ba. Zuwa Kuje da dawowa babu damuwa. Tafiya gida Kano da kayan Salla a baya kuwa sai an zauna da biro da takarda. Wanda ya yi tunanin ɗora janareta a tirela ya riƙa caji yana tafe, ya sani motocin ba sa yarda su motsa muddin wayar caji tana jikinsu.

Akwai kuma masu son ƙugiya domin taimakon ɗan'uwa, a ɗaura igiya a ja motar da ta mace a hanya. Niyya ce mai kyau, amma fizgar igiya ta fi jan tirela wahalar da shasi. In kuwa motar lantarkin ce ta tsaya, kada a ja ta tayoyinta masu aiki suna ƙasa, gama juyawarsu tana juya injin ya haifar da wutar da za ta iya ƙona kayan ciki. Akan ɗora ta ne kacokan a bayan motar ɗauka.

Saura maganar takardu. Dillalin da ya ba da garanti yana da ikon ƙin gyara ɓarnar da ƙugiyar da bai amince da ita ba ta jawo, baturi kuwa shi ne mafi tsada a jikin motar, sai a wayi gari garin neman gira an rasa ido. Kamfanin inshora shi ma yana so a sanar da shi duk wani canji da aka yi wa mota, in ba haka ba ranar biyan diyya ya sami hanyar zamewa. Wanda littafin motarsa ya ba shi izini, ya nemi ƙugiyar ta hannun dillali da lambar shasinsa, ya karɓi rasit, ya kai wa mai inshora kwafi. Wanda nasa littafin ya ce sifiri, a tashar Zuba da kasuwar Dei-Dei akwai a-kori-kura da ke jiran haya, kuɗin yini guda kuma bai kai na fitilar baya ɗaya ta Tesla ba.